Layi na Bakwai

Tana cikin zaro takardar da ta maƙale a injin kwafi, Malamar Lissafi ta turo ƙofar ofis da kafaɗa, waya a kunne, falle biyu na rubutun hannu a ɗaya hannun.

"Kalku, ki rufa min asiri. Sha biyu za su shiga. Kwafi ɗari da sittin da huɗu, gaba da baya."

"Jiya na ce ki kawo."

"Jiya ina wajen taro har la'asar. Kin san halinsu." Ta ajiye takardun a kan kibod, ta koma wa wayarta, ta fita. Ƙamshin turarenta ya tsaya a ɗakin.

Duk makarantar Anti Ofis ake kiranta, daga 'yan aji ɗaya har mai gadi. Shekara goma sha huɗu ke nan ita ke buga takardun jarrabawa da sanarwa da wasiƙun iyaye. Mutum ɗaya ce kawai ke ce mata Kalku, wato Kalkuleta, sunan da 'yan ajinsu suka laƙaba mata lokacin da ita da wannan Malamar suke zama benci ɗaya, a wannan makarantar, shekara ashirin da biyu baya.

Ta goge baƙin tawada daga yatsunta, ta ɗauki takardun.

Bana aka fito da sabon tsari: a jarrabawar ƙarshe ta lissafi da kimiyya, za a riƙa raba wa kowane ɗalibi takarda mai ɗauke da fomuloli, ba sai ya haddace ba. Malama ce ta tsaya kai da fata sai an fara gwada tsarin tun daga jarrabawar gwaji ta makaranta. Tsofaffin malamai suka ce a'a. Shugaban makaranta ya ba ta dama, har ya gayyato wani jami'i daga ma'aikatar ilimi ya zo ya gani yau. Kujerar mataimakin shugaba kuwa tun zangon da ya wuce babu kowa a kanta, kuma kowa ya san suna biyu ne a kan tebur: Malama, da tsohon malamin fizis.

Buga fomula ba kamar buga wasiƙa ba ne. Kowace ƙaramar lamba sai an ɗaga ta sama, kowane layi sai an ja shi da kansa. Ta buga na farko, faɗin da'ira. Ta buga na biyu, na uku. Ba ta duba takardar sosai, yatsunta sun riga idonta. A layi na bakwai yatsun suka tsaya.

Mai Rumfa ce. Haka ɗalibai ke kiran doguwar fomular nan, saboda alamar da ke rufe rabinta na sama kamar rumfar kasuwa. A ƙarƙashin rumfar, tsakanin b² da 4ac, alamar ragi ce ke zama. Malama ta sa alamar ƙari.

Ta kai takardar bakin taga. Ba datti ba ne, ba zamewar biro ba ce. Layi biyu ne, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, an rubuta su da hannu mai kwanciyar hankali.

Ta zauna. Fanka tana juyi a sama.

A jarrabawar ƙarshe ta shekararsu, ita ce tambaya ta huɗu. Ta karanta ta, ta gane ta, ta ja layi, ta yi rumfa, sai kanta ya zama fanko. Abin da ta koya wa rabin ajin a gindin bishiya, har da ƙawar bencinta, ya tashi kamar ba ta taɓa jin sa ba. Minti arba'in ta yi a kan tambayar nan. Da ta juya ido gefen dama, ƙawar ta riga ta kwantar da hannu a kan takardarta, daga gwiwar hannu har yatsu. Da aka buga ƙararrawa, tambaya uku ba ta taɓa su ba. A bakin get fomular ta dawo mata, cikakkiya, ba wanda ya kira ta.

Babansu tela ne. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji cewa akwai injiniya a gidan nan gaba. Da sakamako ya fito ta tayar da maganar sake zama, bai ɗago daga keken ba. Ya ce, "Ƙannenki uku suna bayanki." Sai aka kai ta koyon tafireta.

Tun daga ranar Mai Rumfa ba ta sake barinta ba. Tana wanke-wanke bakinta na motsi. Yaranta kan ce, "Umma ta fara." Maigidanta ya daina tambaya tun shekarar farko.

Ta dubi bangon da ke gabanta. Akwai sanarwa a manne, ita ta buga ta da hannunta shekara uku da suka wuce, bayan ta gyara wata tambayar malamin tarihi ya kai ƙararta. Shugaba ya tsayar da ita a gaban mutumin, ya ce, "Ke ba malama ba ce. Abin da ido ya gani shi hannu zai buga." Daga nan aka kafa doka: mai bugu ta kwafi abin da aka ba ta ba ƙari ba ragi, malami ya karanta kwafin farko ya sa hannu, asalin rubutun kuma a ajiye a fayil.

Ta danna alamar ƙari. Ta wuce layi na takwas.

Wajen ƙarfe goma Baba Fizis, tsohon malamin nan, ya shigo da kofinsa, don a ofishinta ne kaɗai ake da butar lantarki. Shi ya koyar da su duka biyun. Gashinsa ya yi fari, muryarsa ba ta rage ba.

"'Yata, an gama buga satar amsar hukuma?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Da, in aka kama yaro da irin wannan a cikin safa, kora ce. Yau mu za mu miƙa masa, har da ambulan. Baɗi sai mu ɗauko masu rubuta musu, su kuma su zauna suna shan lemo." Ya zuba ruwa, ya leƙa allon kwamfutar, ya laluba aljihu. "Na bar gilashin a aji. Ba komai, ba abin gani ba ne."

Kalma ɗaya ta ishe shi. Da ta ce, Baba, dubi na bakwai, da kafin sha ɗaya labarin ya gama zaga ɗakin malamai. Ta ji kalmar a kan harshenta, ta haɗiye. Ba ta shirya rabuwa da ita ba tukuna.

Ya juya cokali a kofi, yana kallonta. "Ke ma dai. Da a zamaninku aka raba wannan, da yanzu ba nan nake zuwa in same ki ba."

"Haka Allah ya so, Baba."

"Haka ya so," in ji shi, ya fita.

Ta fitar da kwafin farko, ta je neman sa hannu. A baranda ta same su: Shugaba, da baƙon ma'aikata mai ƙaramin littafi a hannu, da Malama tana bayani.

"Yallaɓai, mu tunani muke son aunawa, ba hadda ba. Yaro nawa muka rasa saboda layi ɗaya ya kwance masa a ranar?" Ta ga Anti Ofis, ta miƙo hannu. "Yauwa, ga ta nan."

"Ki karanta, Malama."

"Haba, Kalku." Ta ɗora takardar a kan littafin baƙon, ta sa hannu a ƙasa ba tare da idonta ya sauka a kan layi ko ɗaya ba. "Wannan ba ta kuskure, Yallaɓai, kamar inji take. Tare muka yi karatu. Wallahi a lokacin ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba."

"Allah sarki," in ji baƙon. Ya yi wa Anti Ofis irin murmushin da ake yi wa mai jinya.

Ta koma ofis. Injin ya yi zafi sau biyu, ta buɗe masa ciki ya sha iska. Kwafi ɗari da sittin da huɗu suka fito da ɗumi, gaba da baya. Ta ƙirga su, ta zuba a ambulan huɗu, ta liƙe. Asalin rubutun da kwafin da aka sa wa hannu ta haɗa su da filfil na maƙale takardu, ta sa a fayil, ta tura durowa.

Sha biyu saura biyar masinja bai dawo ba, don haka ita ta ɗauki ambulan ɗin zuwa babban ɗakin jarrabawa. Ta miƙa wa masu sa ido a bakin ƙofa, wurin da aikinta ya ƙare. Ba ta koma ba. Ta tsaya a jikin taga ta uku.

Ɗakin bai sauya ba. An sake fenti, an ƙara fanka biyu. Bencinta yana layi na biyar, kusa da ginshiƙi. Yanzu wani dogon ɗalibi ne a kai.

Ta kalli yadda suke karɓar takardar. Wata ta juya ta gaba da baya, ta ajiye, ko karantawa ba ta yi ba. Wani ya shimfiɗa ta ƙarƙashin takardar amsa don bencin ya yi kaushi. Dogon da ke bencinta kuwa fifita yake yi da ita. Fomula ashirin da shida, duk a jere, kowace a gurbinta, ba wadda za ta tashi ta bar mutum. Yana kaɗa su a gefen wuyansa yana hamma.

Ta so a ce ɗaya daga cikinsu ya yi gumi. Ɗaya tak.

Ita ta buga tambayoyin tun makon jiya, ta san Mai Rumfa a tambaya ta uku take. A ranta ta ba su minti ashirin da biyar kafin su kai gare ta. Ba su cika ba aka fara. Wani ya danna kalkuleta, ya dubi allonta, ya share, ya sake dannawa. Wata ta soke layi biyu. Sautin goge-goge ya fara tashi nan da can kamar ɓeraye a rufi. Amsar da ya kamata ta fito lamba cikakkiya tana fitowa da doguwar jela. Ba wanda ya ɗaga hannu. Takarda ce bugaggiya, da tambarin makaranta a sama. In akwai mai laifi, ai su ne.

A gaban ɗakin Malama tana tsaye kusa da baƙon, hannu a naɗe, tana magana ƙasa-ƙasa. Baba Fizis yana can ƙofar baya. Da an tattara takardu an fara maki, shi zai fara ganowa. Anti Ofis ba sai ta yi komai ba. Ta riga ta yi abin da sanarwar bango ta ce.

Daidai ƙarƙashin tagar akwai wata siririyar yarinya mai tabon tawada a yatsa. Ba ta taɓa takardar fomular ba tun da aka raba. Ta rubuta Mai Rumfa daga kanta, da sauri, daidai, da alamar ragi a inda take. Ta sa lambobi, amsa ta fito tas. Sai ta tsaya, kamar mai son tabbatarwa, ta jawo takardar. Ta dubi layi na bakwai. Ta dubi nata. Ta sake duban na bakwai. Ta ciji biro.

Ta ja layi ɗaya a kan aikinta, daga sama har ƙasa, ta fara kwafar na takardar.

Ba tausayi ba ne ya motsa Anti Ofis. Yarinyar ba ta ma burge ta ba. Abin da ta kasa tsayawa ta kalla shi ne a soke daidai saboda hannun Malama ya ce. Kuma a ƙasan wannan akwai wani abu da ba ta tsaya ta duba ba: in har za a gano, to a gano a gabanta, daga hannunta, ba a ɗakin malamai gobe da bakin Baba Fizis ba.

Ta shiga. Mai sa ido ya ce, "Anti, ba a..." Ta wuce shi. Takalminta yana ƙara a kan siminti har gaban allo. Ta ɗauki alli. Shekara ashirin da biyu a makare, a cikin ɗakin, ta rubuta ta: layi, rumfa, b², ragi, 4ac. Ta zagaye alamar ragin sau biyu, allin ya karye. Ta ajiye guntun, ta juyo.

Kawuna ɗari da sittin da huɗu sun ɗago.

Malama ta dubi allon. Ta ɗauki takarda daga bencin farko, ta duba. Anti Ofis ta ga wuyanta ya motsa. Daƙiƙa uku, ba ƙari.

"Kowa ya ajiye biro," in ji Malama, murya a daidai. "Layi na bakwai, an samu kuskuren bugu daga ofis. Ku gyara kamar yadda yake a allo. Alamar ragi ce. An ƙara muku minti goma sha biyar." Ta juya. "Mun gode, Anti. Za ki iya tafiya."

Baƙon ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a littafinsa. A bakin ƙofa ta ji yana ce wa Shugaba, "Ka ga yadda ta riƙe ɗakin? Ko gezau."

Shugaba ya biyo ta baranda, ya rage murya. "Laifi biyu a rana ɗaya, a gaban baƙo. Kin ɓata bugu, kin shiga inda ba a shiga. Gobe ƙarfe takwas ki kawo min asalin rubutun da kwafin sa hannu." Ya koma wajen baƙonsa.

Baba Fizis ya zo wucewa, gilashi a hanci yanzu. Bai tsaya ba. "'Yata, takardar hannun nan, in tana nan, a kula da ita. Ɓeraye sun yi yawa a ofis ɗin nan."

Ƙarfe uku da rabi makarantar ta watse. Anti Ofis ta rufe kwamfuta da mayafinta na leda. Fayil ɗin yana kan tebur, a buɗe. Malama ta shigo, wannan karon ba waya a kunne. Ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar iyaye. Ta dubi rubutun hannunta na ɗan lokaci.

"Nawa ne," ta ce.

"Naki ne."

"Abin da ya zo bakina ke nan. Mutumin yana tsaye."

"Na ji ki. Duk ɗakin ya ji."

"Yaushe kika gani?"

Anti Ofis ta sauke ido kan fayil ɗin.

"Tun safe," in ji Malama. "Kika ce in karanta. A gaban mutane. Ke da ba kya cewa." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "In kin kai masa gobe, na rasa kujerar. Shi ma kuma sai ya tambaye ki abin da na tambaye ki."

"Ni dokarsa na bi."

"Haka ne."

Wata mota ta tashi a waje. Anti Ofis ta gyara filfil ɗin da ba ya buƙatar gyara.

"Me ya sa kika rufe takardarki?"

"Wace takarda?"

"Tambaya ta huɗu. Na juyo, kika kwantar da hannu."

Malama ta daɗe tana kallonta kafin ta gane. "Kai, Kalku. Wannan ce?" Ta shafa fuska. "Ba komai a wurin. Fari ne fat. Kalkuleta tana gefena tana ta rubutu, ni ko lambar tambayar ban sa ba. Kunya nake ji ki gani."

"Ba rubutu nake ba."

"Ban sani ba. Ni ban taɓa riƙe Mai Rumfa a kai ba, har yau. Kullum sai na leƙa littafi kafin in shiga aji. Yau da asuba ban leƙa ba, na ce ai shekara ashirin ta isa."

"To ya kika yi kika ci?"

"Biyar aka ce a amsa cikin bakwai. Na tsallake ta."

Anti Ofis ta dubi bango. Ta san biyar ne cikin bakwai. A ranar ma ta sani. A saman shafin aka rubuta, da manyan baƙaƙe. Bai taɓa zuwa mata cewa mutum zai iya ganin tambayar da ya sani ya wuce ta ba. Shekara ashirin da biyu tana jin haushin hannu. Yanzu ta ji wani sabon haushi, wanda ya fi na da nauyi, na mutumin da zai iya ɗaga kafaɗa ya juya shafi. Wannan ba a raba shi a ambulan.

Malama ta miƙe. Ba ta kai hannu kan fayil ɗin ba. Ta buɗe jakarta, ta fito da wasu falle biyu, ta ajiye a kan ledar kwamfutar.

"Ta jibi ce, takarda ta biyu. Na kawo da wuri." Ta tsaya a ƙofa. "Ki duba min. Ba bugu nake nufi ba. Ki duba."

Ta fita.

Anti Ofis ta zauna ita kaɗai. Ta zare asalin rubutun daga filfil, ta sake kai shi bakin taga. Layi biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. In ya je teburin Shugaba, za a karanta shi sau ɗaya, Baba Fizis ya hau kujera, takardar ta shiga wani fayil da ba nata ba. Ta ninke ta huɗu, ta sa a aljihun ciki na jakarta, inda take ajiye katin asibitin yara. Gobe za ta ce ta nema ba ta gani ba. Za a ba ta takardar gargaɗi, kuma ita za ta buga ta.

Ta jawo sababbin fallayen, ta ɗauko jan biro daga durowa, ta cire murfin. Fomula talatin da ɗaya. Ta bi su layi-layi, bakinta na motsi, bakin biron yana shawagi a saman takardar.

Ta karanta sau uku. Babu kuskure ko ɗaya.

Ta mayar da murfin, ta fara na huɗu.